Yasmin ganye kawai take yi, babu fure: zafin Kano ne ko akwai wani dalili?

Maman_Walid:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya nake da ita ga masana fulawa. Yasmin ce aka dasa a jikin katanga a Kano, yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni. Ganye ya yi kore shar, rassa sun miƙe har sun kusa kai kan katanga, amma fure sai dai a ƙirga da yatsa, wanda ya fito ma yakan zube tun yana toho. Ana ba ta ruwan burtsatse safe da yamma, ana barbaɗa mata yuriya duk sati biyu. Mai sayar da fulawa ya ce wai zafin garin ne, yasmin 'yar ƙasar sanyi ce. Gaskiya ne? In tana gyaruwa, so nake a bi da ita kan rumfa.

Abu_Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ɗora wa zafi laifi, sai a fara sanin wacce ce a gidan, don tsirrai biyar ko shida ne masu fulawa ke sayarwa da sunan yasmin, kuma ba duka ne danginta ba. Ki duba ganyen.

In ganye ɗai-ɗai ne mai faɗi kamar ƙwai, biyu suna fuskantar juna a kan gaɓa (wani lokaci uku), furen fari mai kauri, to Jasminum sambac ce, wadda Larabawan Masar da Sudan ke kira full. In kuma kowane ganye ya rarrabu zuwa 'yan ƙanana bakwai ko tara ko fiye a jere, tohon furen yana da ɗan ja-ja ta waje, wannan Jasminum grandiflorum ce, ita ce ta turare. Duka biyun zafi ba ya damunsu. Sambac ma a zafi ta fi fure.

In aka karya ganye farin ruwa ya fito kamar na tumfafiya, wannan Trachelospermum ce, ba yasmin ba ce. In ganyen dogo ne ɗaya nan ɗaya can, furen siriri kamar bututu mai ɗan kore-kore, ƙamshinsa ya cika unguwa da dare, wannan Cestrum ce da ake kira sarauniyar dare, 'yar dangin tumatir da gauta. Akwai kuma Murraya da ake shinge da ita, mai jajayen 'ya'ya, ita dangin lemo ce.

Maman_Walid:
Na duba Malam. Ganye ɗai-ɗai ne mai faɗi, biyu-biyu, babu farin ruwa. Furen da ya taɓa buɗewa fari ne, washegari sai ya yi shuɗi-shuɗi ya faɗi.

Abu_Lambu:
Sambac ce. Faɗuwar furen da ya riga ya buɗe bayan kwana ɗaya ba ciwo ba ne, haka halittarta take, fure ɗaya ba ya wuce kwana guda ko biyu. Wanda ke zubewa bai buɗe ba shi ne abin bincike. Amma maganar zafi kam a ajiye ta. Ita ce ake nomawa gona-gona a yankin Madurai na kudancin Indiya, kuma can ba garin sanyi ba ne.

Injiniyan_Noma:
Yuriyar ce babban mai laifi. Kashi 46 cikin ɗari na buhun yuriya naitirojin ne, babu fosfaros babu fotashiyam ko kaɗan. Naitirojin ganye da tsawon reshe yake ginawa. Shukar da ake ɗura wa shi duk sati biyu ga ruwa safe da yamma, ba ta da dalilin yin fure, sai ta yi ta miƙa. Ganyen da ya fito a haka ma laushi gare shi, shi ƙwari suka fi so.

A dakatar da yuriya gaba ɗaya. A bar ta wata biyu ba taki. Bayan nan a koma takin zamani na NPK 15-15-15, giram 30 zuwa 40 ga shukar da ta shekara a ƙasa, wato kamar cikin tafin hannu ɗaya ba a tula ba, duk bayan sati shida zuwa takwas. Ba a gindi ake zubawa ba. A ja da'ira kamar taƙi ɗaya da rabi daga gindin, a tona kaɗan, a barbaɗa, a rufe, a ba da ruwa nan take. In a tukunya take mai cin lita 20, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a wata ya isa. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu kada a ba ta komai, lokacin ba ta girma, takin zai taru ne kawai ya zama gishiri a ƙasa.

MaiFulawa_Kaduna:
Na yarda da Injiniya, amma akwai abin da ba a tambaya ba: katangar wane ɓangare take kallo, kuma awa nawa rana ke samun shukar? Sambac na son rana awa shida a ƙalla. A inuwar mangwaro ko a lungu tsakanin gida da katanga za ta rayu, har ta fi kore, amma gaɓoɓin za su yi nisa da juna, fure kuwa babu. Hanya mai sauƙi ta ganewa: in tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta wuce faɗin yatsu huɗu a sabon reshe, rana ba ta ishe ta ba.

A ɗaya gefen kuma, katangar siminti mai kallon yamma a watan Afrilu murhu ce. Tana shan rana daga azahar zuwa magariba, ta ci gaba da fitar da zafin har tsakar dare. Toho da ke manne da irin wannan katangar yakan bushe ya zube. Don haka mai sayar da fulawan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ba zafin gari ba ne, zafin bango ne. Wuri mafi kyau shi ne mai kallon gabas, ta sha hantsi har azahar, la'asar ta same ta a inuwa.

Dan_Zinder:
Gaskiya ne. Kuma iskar bazara mai zafi ta fi rana illa. A wurare irin su Zinder da Maraɗi da Sakkwato, zana ko asabari da aka kafa ta ɓangaren da iska ke bugowa yana hana toho ƙonewa fiye da ƙarin ruwa.

Hajiya_Lambun_Gida:
Ba wanda ya taɓo datsa, alhali nan gizo ke saƙar. Sambac a kan sabon reshe take fure, a can ƙarshensa. Reshe ɗaya dogo mai mita biyu kai ɗaya ne da shi, wato gungun fure ɗaya. In aka datse shi ya fitar da rassa huɗu, an sami kai huɗu. Shukar da ba a taɓa sa mata almakashi ba haka take zama, bulala zalla.

Babbar datsa sau ɗaya ce a shekara, a ƙarshen hunturu, tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris, lokacin da dare ya fara ɗumi. Kwana goma kafin nan a rage ruwa sosai, har ganye ya ɗan yi laushi da rana. Sai a cire busassun rassa, da waɗanda suka sarƙe a ciki, da siraran da ba su kai kaurin tsinken ashana ba. Sauran, in kurmi ake so, a sare su a tsawon santimita 45 zuwa 50 daga ƙasa, kamu ɗaya ke nan. Yanka ya zama a karkace, kamar rabin santimita a saman gaɓa. In aka bar dogon kututture a saman gaɓa, bushewa yake yi ya gangaro ƙasa. Bayan an gama, a zuba ruɓaɓɓen takin shanu kwano biyu, a haɗa da NPK ɗin da Injiniya ya faɗa, a ba ta ruwa ta ƙoshi. Cikin sati biyar zuwa bakwai tohon fure zai bayyana.

Ƙaramar datsa kuma bayan kowane zagaye na fure ne: duk reshen da ya gama, a cire kansa da ganye biyu-biyu har jeri biyu. Wannan ke sa ta yi ta maimaitawa tun daga bazara har kaka.

Yaya_Sani_Gwale:
Hajiya, ba a ce rumfa ake so ba? In aka sare ta kamu ɗaya duk shekara, yaushe za ta hau?

Hajiya_Lambun_Gida:
Ka yi daidai, na faɗi ta kurmi ne. Ta rumfa daban take. A zaɓi rassa uku ko huɗu mafi ƙarfi a bar su su zama ginshiƙi, ba a taɓa su sai sun kai sama. Rassan gefe da ke fitowa daga jikinsu su ake datsewa a bar gaɓa biyu ko uku. Sai dai a sani, sambac ba gwanar hawa ba ce, jingina take yi, dole a riƙa ɗaure ta. Wanda ke son rumfa ta rufu da wuri, grandiflorum ta fi sauri da tsawo.

Birkila_Mai_Shuka:
Bari in ƙara a kan yadda ake kafa abin hawan, don yasmin ba ta da 'yan hannuwan nan da kabewa ko soso ke kamawa da su, kuma ba ta manne wa bango. In jikin katanga ne, a kafa ƙusoshi masu ido ko guntayen rodi, su fito santimita 8 zuwa 10 daga bangon, a ja waya mai kauri wadda ba ta tsatsa a kwance, layi-layi, tazarar santimita 40. Wannan ratar da ke tsakanin waya da bango ita ke barin iska ta ratsa, ita ce kuma maganin zafin bangon da MaiFulawa ya ambata. A ɗaure da tsumma ko zaren buhu, ɗauri sako-sako mai kama da lamba takwas. Waya ko igiyar roba mai tauri na shiga cikin reshe idan ya yi kauri.

Kada a bi da rassan tsaye cak. A kwantar da su a karkace ko a kwance bisa wayar. Reshen da ke tsaye kansa kawai ke girma, wanda aka kwantar kuwa kowace gaɓa tana fitar da toho. In ba haka ba, furen duk zai koma can sama, ƙasa ya zama itace tsirara.

Ginshiƙin rumfa in na katako ne gara za ta ci shi cikin damina biyu. Bututun ƙarfe ya fi, amma a shafa masa farin fenti, baƙin ƙarfe a rana yana ƙona ɗanyen reshe.

Ummu_Hanan:
Ni tsoron da ake ba mu shi ne wai ƙamshinta na jawo maciji. Akwai gaskiya a ciki?

Abu_Lambu:
Babu, 'yar'uwa. An fi jingina wannan magana ga sarauniyar dare, kuma ko ita ɗin ba ƙamshin ba ne. Maciji inuwa da sanyi da abinci yake bi, wato kwaɗi da ɓeraye da ƙadangaru. Duk shukar da aka bari ta yi duhu har ƙasa, ga danshi kullum, za ta iya zama maɓoya, ko da lalle ne. A ɗage rassan ƙasa taƙi biyu, a share busasshen ganye. Abin da ya kamata a ji tsoro game da sarauniyar dare shi ne ganyenta da 'ya'yanta guba ne ga awaki da yara.

Injiniyan_Noma:
Mu dawo kan ruwa. Safe da yamma ga shukar da ke cikin ƙasa ya yi yawa, kuma galibi irin wannan ban ruwan yayyafi ne, saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taru a sama inda rana ke gasa ta. A bazara, bokiti ɗaya na lita 15 duk bayan kwana biyu a ƙasar jigawa, kwana uku in ƙasar na da laka, a zuba a hankali cikin kwarin da aka zagaye gindin da shi. A hunturu sau biyu a sati. A damina sai in an yi kwana biyar ko shida ba ruwan sama. A tura yatsa har gaɓa ta biyu, in akwai danshi a ƙyale ta. Ta tukunya kam a watan Afrilu kullum ne, wani lokaci har sau biyu.

Toho na zubewa a kan abu biyu masu kishiyar juna: ƙasa ta bushe ƙamas sannan a malala mata ruwa, ko kuma ta zauna cikin caɓi. Daga lokacin da toho ya fito har ya buɗe, danshi madaidaici ake so, ba hawa da sauka ba.

Malam_Turɓaya:
Ruwan burtsatsen ma a duba shi. In yana barin farin abu a cikin butar shayi ko a bakin famfo, yana da alli, kuma a hankali yana ɗaga pH na ƙasar, wato ma'aunin tsaminta, wanda in ya hau tsamin raguwa yake yi. Ga kuma matsalar sababbin gidaje: gindin katanga nan birkiloli ke zubar da ragowar siminti da fasassun bulo, a rufe da ƙasa. Yasmin ta fi jin daɗi daga pH 6 zuwa 7 da ɗoriya kaɗan. Da ya haura sosai, sinadarin ƙarfe yana cikin ƙasa amma saiwa ba ta iya ɗauka.

Gwaji: a ɗebo busasshiyar ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya, a matsa mata lemon tsami. In ta yi kumfa tana ƙara, akwai siminti ko alli da yawa.

Ganye ma yana faɗa. Sabon ganye na can sama ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa kore, ƙarancin ƙarfe ne. Tsohon ganye na ƙasa ya yi ɗorawa bai ɗaya, yunwar naitirojin ce. Tsohon ganye ya yi ɗorawa a tsakanin jijiyoyi, magniziyam ne. Ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, saiwa ce ta ruɓe, kuma ƙarin ruwa zai ƙarasa ta. Na ƙarfen, a narka giram 5 na feros salfet a lita ɗaya a fesa da yamma, a maimaita bayan sati biyu. Wannan kwantar da ciwo ne kawai. Gyaran gaske shi ne a tone tarkacen simintin, a yawaita ruɓaɓɓen taki, a tari ruwan sama a duro.

Baba_Mai_Gyada:
To toka fa? Mun san tana sa shuka fure.

Malam_Turɓaya:
Ranka ya daɗe, tana da fotashiyam, wannan gaskiya ne, amma tana ɗaga pH sosai. A jar ƙasa mai tsami inda ake ruwa da yawa, kamar kudancin Kaduna, ɗan tafin hannu sau ɗaya ko biyu a shekara ba laifi. A gindin katangar siminti ga ruwa mai alli, ƙara wa Borno dawaki ne. Haka ruwan wanki mai omo ko bilic, kada ya kusance ta. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ba matsala.

MaiFulawa_Kaduna:
Ni ban gamsu a jingina zubewar toho ga ruwa kaɗai ba. Maman Walid, ki tsinci tohon da ya faɗi guda goma ki tsaga su da reza a kan farar takarda. In akwai ɗan rami a gefe da baƙin kashi a ciki, ko an saƙa toho biyu-uku da zare, tsutsar toho ce, 'yar kore mai baƙin kai. In tohon ya rine ya yi shuɗi-ja tun bai buɗe ba, ya murɗe, a ciki kuma akwai 'yan fararen tsutsotsi ƙanana kamar ƙwayar gero ta fi su, na wani ɗan ƙuda ne da ke ƙwai a cikin toho. Su waɗannan ƙasa suke faɗawa su rikiɗa, don haka a riƙa tsince duk tohon da ya lalace, na sama da na ƙasa, a ƙulle a leda a bar shi a rana. In an tsaga ba a ga komai ba, tohon ya bushe ne kawai, to maganar Injiniya ce ko ta bango.

Dan_Zinder:
A hunturu kuma ɗan jan gizo-gizon nan ne da ido ba ya gani sosai. Ƙura da bushewar iska yake so. Ganye zai yi ɗigo-ɗigo fari, ya dusashe kamar an barbaɗa masa toka, a ƙasansa akwai siririyar yana. A kaɗa reshe a kan farar takarda, in ɗigon na tafiya shi ne. Wanke ƙasan ganye da ruwa mai ƙarfi sau biyu a sati yana rage shi ƙwarai. Maganin ƙwarin gona na gama-gari sau da yawa ƙara shi yake yi, don yana kashe ƙwarin da ke cinsa.

In ya yi yawa, ko darɓa, ko fararen nan masu kama da auduga da ke maƙalewa a gaɓa: 'ya'yan bedi busassu, a ɓare, a daka giram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun salo kamar girman goro a ciki, a fesa bayan la'asar sakaliya, sama da ƙasan ganye. Duk sati, sau uku. In man ne ake da shi, mililita 5 a lita ɗaya tare da ɗan sabulu. Ba a fesawa da rana tsaka, ganye zai ƙone. Kuma duk inda aka ga kiyashi na hawa da sauka a reshe, a bi su, kiwon waɗancan ƙwarin suke yi saboda zaƙin da suke fitarwa.

Ummu_Hanan:
Mene ne bedi kuma?

Yaya_Sani_Gwale:
Darbejiya ce. Dogon yaro, maina, duk ita ce.

Sabon_Shiga22:
Don Allah a ina ake samun irinta a shuka?

Hajiya_Lambun_Gida:
Ɗana, sambac da wuya take 'ya'ya, mai ninkin fure ma ba ta yi sam. Da reshe ake yaɗa ta, hanya biyu.

Ta farko yanka. A farkon damina, a zaɓi reshen da ya fara tauri amma bai zama itace ba, wanda in aka lanƙwasa yana turjiya, kaurin bai kai fensir ba. Tsawon santimita 12 zuwa 15, gaɓa uku ko huɗu. A yanke daidai ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a bar biyu na sama a rage su rabi da almakashi. In akwai tohon fure a cire shi. A cika baƙar leda mai huji da yashin rafi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki ko ƙonannen buntun shinkafa kashi ɗaya. A soka gaɓa biyu a ciki, a danne, a jiƙa, a kifa gorar ruwa da aka yanke gindinta, a ajiye a inuwa mai haske. A buɗe murfin gorar kowace safiya. Sati huɗu zuwa shida saiwa ke fitowa. Sabon ganye a sati na biyu ba shaida ba ce, abincin da ke cikin reshen ne, kada a zaro a duba. A yi goma don a tsira da biyar ko shida.

Ta biyu ta fi tabbas: kwantarwa. A jawo dogon reshe na ƙasa ba tare da an yanke shi ba, a ɗan kankare bawon a ƙasan wata gaɓa, a binne wurin zurfin yatsu uku, a danne da dutse, kan reshen ya fito waje. Wata biyu zuwa uku sai a yanke daga uwar, a bar shi sati biyu a wurin kafin a cire. Maman Walid da ke da dogayen bulalai, ga amfaninsu nan kafin a datse.

Birkila_Mai_Shuka:
Wajen dasawa: rami santimita 45 faɗi da zurfi, nesa da bango rabin mita a ƙalla. A cika shi da ruwa tukuna. In ya kwana bai tsotse ba, kada a dasa a ciki, a yi tudu kamar kunyar dankali a dasa a sama, don a watan Agusta wurin zai zama tafki. A gauraya ƙasar saman ramin da ruɓaɓɓen takin shanu bokiti ɗaya. Kashin kaji sai ya yi wata uku a tare ana jiƙa shi, ɗanyensa ƙona saiwa yake. A tsaga ledar da reza, kada ƙasar ta warwatse, kuma kada a binne wuyan shukar fiye da yadda yake a leda. Tsakanin shuka da shuka mita ɗaya da kwata ga sambac, mita ɗaya da rabi zuwa biyu ga grandiflorum. A dasa da yamma, cikin Yuni ko Yuli. A tukunya, a zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya wuce.

Malam_Turɓaya:
Wannan ta ƙarshen ban bi ka ba, Malam. Tsakuwa a gindin tukunya ba ta sa ruwa wucewa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika taf, don haka jiƙaƙƙen wurin matsowa sama yake yi, kusa da saiwa. Huji huɗu ko biyar masu faɗin yatsa, a ɗora sakaina a kan kowanne, a ɗaga tukunyar a kan bulo biyu, shi ke nan. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba nesa ba kusa ba a bazara.

Abu ɗaya kuma: kada a dasa ta inda aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa. Tsutsar saiwa da ke sa ƙulu-ƙulu a jijiyarsu tana kama yasmin, shukar ta tsumbure ba a san dalili ba.

Birkila_Mai_Shuka:
An daɗe ana sa tsakuwar kuma shuka na rayuwa. Amma na yarda huji ne ke aikin.

Baba_Mai_Gyada:
Ɓawon gyaɗa ko buntu da ake rufe gindi da shi yana riƙe danshi sosai a bazara, amma yana kiran gara. A bar faɗin yatsu huɗu tsakaninsa da jikin shukar, kaurin kada ya wuce yatsu uku, a riƙa motsa shi duk sati. Takin da bai gama ruɓewa ba shi ne ya fi jawo ta.

Yar_Jos:
A yi adalci ga mai sayar da fulawan nan. Akwai yasmin ta sanyi da gaske. Jasminum polyanthum, 'yar asalin kudu maso yammacin Sin, mai jan toho gungu-gungu, ba ta ɗaura fure sai ta sami makonni na dare mai sanyi a jere. Irin wannan a Jos ko Mambila ne za a sa rai da ita, a Kano ganye kawai za a yi ta kallo. Sambac kuma akasin haka: dare ya sauka ƙasa da digiri 15 sai ta tsaya. Shi ya sa a Disamba da Janairu fure ke ɗaukewa, ba ciwo ba ne, kada a tayar da hankali a hau zuba taki. A kan tudun Jos ma sai an nema mata bangon da ke shan rana, abin da ake gudu a Kano.

Mai_Humra:
Tunda an ambaci ta turare, ana iya fitar da man a gida?

Abu_Lambu:
Na kwalba irin na kamfani a'a. Ba a turara shi da tururi, da sinadari ake tatsa, kuma tan guda na fure kamar kilo uku kawai yake bayarwa na kakin ƙamshin da ake fitar da man daga cikinsa, shi ya sa tsada. A Masar, a ƙauyen Shubra Balula da ke lardin Garbiyya, da tsakar dare ake tsinkar grandiflorum da fitila a goshi har gari ya waye, don da rana ta fito ƙamshin ke raguwa. Abin da ake iyawa a gida shi ne tsohuwar hanyar mutanen Indiya: a shimfiɗa wankakken riɗi busasshe, a rufe shi da sabon fure, a bari ya kwana, a tsince furen, a sa sabo, a yi ta maimaitawa kwanaki da yawa, sannan a matse man riɗin. Sambac ana tsinkarta da la'asar tana toho fari mai kumburi, da magariba take buɗewa. Haka ake yi wa koren shayi ƙamshi a Fuzhou ta ƙasar Sin. Furen da aka yi wa feshin maganin ƙwari ba ya shiga shayi.

Maman_Walid:
Allah ya saka da alheri. Katangar yamma take kallo, rana na zuwa mata daga sha biyu. Na tsaga toho goma, biyu ne da rami, sauran a bushe suke. Ƙasar ta ɗan yi kumfa da lemon tsami. Yanzu muna Oktoba. In datse yanzu, in jira Fabrairu, ko in cire ta in mayar gabas?

Hajiya_Lambun_Gida:
Kada ki yi babbar datsa yanzu, sabon tohon zai fito ya ci karo da hunturu. Ki tsayar da yuriya, ki rage ruwa, ki kwantar da bulala biyu a cikin leda mai ƙasa. Almakashi sai Fabrairu.

MaiFulawa_Kaduna:
Ni da zan ba da shawara, a cire ta. Shekara ɗaya ba ta yi nisa ba. Bangon yamma ga siminti a ƙasa, wahala za a yi ta sha duk bazara. Amma ba yanzu ba, sai ruwa ya zauna a Yuni, a rage rabin rassan, a tono ta da ƙasarta faɗin taƙi biyu.

Injiniyan_Noma:
Ban ga dalilin tayar da saiwar da ta riga ta kama ba. A ja wayar da Birkila ya faɗa don ta rabu da bango, a kafa asabari ta sama daga Maris zuwa Mayu, a gani. Waɗanda aka kwantar su za a kai gabas a Yuni, sai a kwatanta biyun.

MaiFulawa_Kaduna:
Asabari zai tare rana, amma simintin da ke ƙasa fa?

Malam_Turɓaya:
Kumfa kaɗan ta ce. A tona gefen da ke nesa da gindin taƙi biyu, zurfin kamu ɗaya, a ga ko bulo ne a binne ko ƙura ce kawai a sama. Hajiya, in an tona ki faɗa mana abin da aka tarar.